Gwiwar Motar Yaya Ummaru

Duk wanda ya san Yaya Ummaru a Bodinga ya san ba ya gaida mai mota sai ya fara gaida motar. Zai dafa kafaɗarta da hannu biyu, ya danna ƙasa da dukan ƙarfinsa, ya saki, ya ja baya yana kallo. In ta tashi ta tsaya cak, sai ya ce, "Lahiya lau." In ta yi ta lilo kuwa, sai ya girgiza kai kamar an gaya masa rasuwa: "Mota da mutum duk ɗai na, ga gwiwa tsuhwa ka hwara kama su." Sannan ya tuna da kai, ya miƙo hannu. Ni ƙanensa, malamin firamare mai keke, ko wannan darajar ban samu ba. Ya taɓa danna sirdin kekena ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri."

Lokacin siyasar farar hula, wani ɗan takara ya zo kasuwa da doguwar mota. Yana tsaka da alkawura a lasifika sai aka ga motarsa tana sama da ƙasa, ashe Yaya ne ke danna ta. 'Yan rakiya suka taso da sanduna. Yaya ko a jikinsa.

"Ranka shi daɗe, hanyar Lambara kab biyo ko?"

"Ita nib biyo."

"Gwiwar ta hwaɗa min. To ba sai mun yi maka bayanin buƙatarmu ba."

Abin dariyar kuwa, tasa motar, wadda yake kira Dattijuwa, ta fi ta kowa mutuwar gwiwa. In ta faɗa rami a Bodinga, sai an kusa Shagari take daina rawa. Shi ya ce ladabi ne, tana rusuna wa hanya.

Ana haka sai Garba, ɗan kawunmu, taubashin Yaya tun suna yara, ya samu kwangila ya sayi sabuwar mota. Ranar wani suna a Shagari ya riga Yaya zuwa Mandera, inda mahaifiyarmu take zaune, ya ɗauko ta. Inna ta dawo bakinta har kunne.

"Ummaru, ka san hurar da nir riƙe ko ɗigo ba ta zube ba? Taka kuwa, in na shiga da nono, da man shanu nika sauka. Daga yau Garba ka ɗaukata, bayana ya gaji."

Kai! Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ranar bai taɓa tuwo ba. Ya same ni a ƙofar makaranta yana huci: "Ɗan ƙanenta hwa! Ni da tah haihwa ina raye, da mota, a ce Garba ka ɗaukar Inna?" Na ce ni ma ta haife ni, ba ta kuma taɓa hawa kekena ba. Ya ce in bar wasa, ana maganar abin hawa.

Da gari ya waye ya ja ni Sakkwato neman shok, wato ƙarfen nan da ke shanye girgiza a ƙafar mota. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, kayan gyara sun yi wuya kamar ruwa a rani. Mai shago ya jera masa iri uku: wanda aka ɗura wa mai aka shafe da fenti, na gwanjo, da sabo a kwali. Yaya ya kafa kowanne a ƙasa ya ɗora ƙirji, ya danna, har da shinshinawa. Game da mai fentin ya ce, "Wanga tsoho na da yar rina gemu." Na gwanjon kuwa, "Ya riga ya gaji da ramukan wasu." Ya rungumi sabon, ya tambayi kuɗi. Da ya ji, sai da ya nemi benci.

"Ba ni ɗaya. Na gaba, hannun dama."

"Alhaji, shok bibbiyu aka canza shi, hagu da dama, kamar takalmi."

"Inna nawa gare ni?"

"Ɗaya, ina zato."

"To. Kuma dama taka zama."

Aka ɗaura. Dattijuwa ta fito kamar jakin da aka ɗora wa mangala gefe guda: ɓangaren Inna ya miƙe kamar soja, na direba ya durƙusa. Da ƙyar ya lallashi Inna ta shiga gwaji. Ba su bar Mandera ba ta zame ta faɗo kafaɗarsa, ƙwaryar fura ta kife a babbar rigarsa.

"Ummaru, tun ina goyonka rabon da mu manne haka!"

Labari ya riga su isa Shagari. Garba ya fito yana tafi: "Taubashi, motar ta hwara sallah zaune?"

Ku da kuka san Yaya kun san ba ya sayar da albasa sai ta yi tsada, ko gidan zai kwana da yunwa. Makon nan ya kwashe ta duka, tana arha kamar ƙasa, ya koma Sakkwato ya sayo na hagun. Mai shagon ya yi murmushi, kuma Yaya bai yafe masa murmushin ba.

Ina baya ranar da aka sake ɗauko Inna. Mun wuce ramukan farko tana mita, a na gaba ta yi shiru. Na leƙa: barci take, fura a cinya. Yaya ya ɗaga mini yatsa. Bai nufi gidan da za mu ba, sai ya lallaɓa har ƙofar Garba a Shagari, ya kashe mota, ya yafito shi da hannu.

"Zo ka gani," ya ce a hankali. "Kak ka yi magana. Ta taɓa barci cikin taka?"

Garba ya cire hula ya sosa kai. Yaya ya zauna yana mata fifita da hularsa har ta farka don kanta.

Yau su duka ukun, Yaya da Inna da Garba, sun riga mu gidan gaskiya, Dattijuwa ma kaji ke ƙwai a cikinta. Allah ya jiƙan Yaya Ummaru. Yadda ya nema wa mahaifiyarsa barci mai daɗi a kan muguwar hanya, Allah ya shimfiɗa masa makwanci mai taushi kusa da ita. Amin.