Bijimin Hajja Tayyiba da Iskar da Ta Ƙi Zuwa

Hajja Tayyiba ba ta taɓa tambayar kowa ko sanyi ya shigo ba, diddigenta ne ke gaya mata. Tun tana yarinya a gonakin Jazira, inda iyayenta suka ƙare rayuwarsu suna tsinkar audugar wasu, duk shekara in iskar arewa ta taso sai faso ya tsaga mata ƙafa. Ranar da ta taka ƙasa ta ji raɗaɗi, ranar take wasa wuƙa.

Sana'arta sharmut ce. A yanka naman sa siri-siri kamar igiya, a rataya a inuwa, iska ta busar, a daka a ajiye, ana ɗiba ana miya har shekara ta zagayo. Ba a kai shi rana, don rana takan ƙeƙashe bayansa ta bar cikin ɗanye. Iska yake so, busasshiya mai sanyi, wadda ke korar ƙuda. Da shi ta riƙe yara bayan mijinta ya rasu, da shi ta gina ɗaki biyu da rumfar kara a unguwar Alsawra ta Umdurman. Matan Kasuwar Umdurman da ke saye a hannunta sun san bakinta ya fi wuƙar kaifi, kuma ba su daina zuwa ba.

Sai yaƙi ya zo. Wuta ta ɗauke ba ta dawo ba, firji ya zama wurin ajiye takalma. Wanda ke da ɗan'uwa a Masar ya tafi, wanda ba shi da shi ya zauna yana sauraron harsashin da ke wucewa ta kan rufi. Tayyiba na cikin masu zama. Gidan ya cika da waɗanda suka gudo, ciki har da Sulafa, 'yar ƙanwarta, da ta tsallako kogi daga unguwar Soba da jaka ɗaya. Kafin yaƙi a ofishin duba yanayi take aiki. Yanzu ba ta da abin dubawa sai waya, ita ma sai an ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa kafin ta kama.

Ana haka ɗan Tayyiba, Abdallah, mai keken jaki, ya kai wani mutum da iyalinsa tashar mota. Mutumin ba zai iya shiga bas da ɗan bijiminsa ba, ya bar masa. Da aka shigo da shi tsakar gida yara suka ga abin wasa, Tayyiba kuwa miyar gidan ta gani, ta wata da watanni. Ta shafa tozonsa ta ce kada wanda ya taɓa shi sai sanyi ya sauka.

Lokacin sanyi ya yi, sanyi bai sauka ba. Sama ta tsaya cik. Ganyen dalbejiyar ƙofar gida ko motsi ba ya yi, ƙudan da sharar da ba mai kwashewa ta tara sun yi baƙi a bango. Kullum da safe Tayyiba takan zauna bakin gado ta juyo ƙafa ta duba. Sumul, kamar ta amarya.

Ciyawar barsim daga gonakin bakin kogi take zuwa, hanyar kuma an rufe. Bijimi ya cinye abin da ke akwai, ya koma ƙanzo da ɓawon albasa. Abdallah ya fara maganar a yanka, a ci abin da za a ci, a kai saura takiyya, wato tukunyar unguwa da ake dafa wa kowa. Uwar ta ce naman da zai kai su azumi ba za ta ba bakin unguwa su lamushe a wuni guda ba, kuma tun da ta haife shi bai taɓa kawo shawarar da ta wuce cikinsa ba.

Wata safiya ta tsare Sulafa a gindin murhu.

"Ke da gwamnati ta ɗauka aikin kallon sama, ina iskata?"

Sulafa ta ɗauki faifai ta kife, ta ce wannan duniya ce. Ta ce can ƙurya arewa akwai teku da ke daskare, yanzu ƙanƙararsa na raguwa, ruwan na ɗumama. Can sama kuma akwai wata iska mai tsananin gudu da ke zagaye duniya, ita ke tura yanayi gaba, sanyi ya kwana nan gobe ya wuce can. Abin da ke ba ta ƙarfi shi ne bambancin sanyin arewa da zafin kudu. In bambancin ya ragu sai gudunta ya ragu, ta riƙa lanƙwasa, har wani tulin iska ya zo ya tokare hanya ya ƙi gaba. Wanda sanyi ya tarar sai ya zauna masa, wanda zafi ya tarar shi ma haka. Ta ce wata ƙawarta a wata ƙasar arewa kuka take da sanyin da ya ƙi tashi.

"Wato sama ma an kafa shinge," in ji Tayyiba. "Su waye suka kafa, sojoji ko su wancan ɓangaren da ke yaƙi da su?"

Sulafa ta yi dariya. Ta ce gaskiya masanan ma ba su gama gardama a kan yawan laifin tekun ba, amma tokarewar kam tana nan, ta gani a waya.

"To yaushe za a buɗe?"

"Inna, ban sani ba. Zai iya zama jibi, zai iya kai wata."

"Wannan amsar ko jakin Abdallah zai ba ni, shi kuwa bai je jami'a ba."

Amma maganar ta shige ta. Ta yi zaman duniya tana ganin sanyi kamar baƙon da ba ya saɓa alkawari, yanzu an ce mata a hanya yake an tare shi, kamar kowa. Wanda aka tare kuwa yakan iso. Don haka ta ƙara jira.

Haƙarƙarin bijimi ya fito. Aka sassabe dalbejiya, ya ci yana yamutsa baki. Da ganye ya ƙare Tayyiba ta ɗaga kai ta dubi rumfar kara, wadda a ƙarƙashinta take ɗaura igiyoyin sharmut tun zuwanta gidan. Ta ce a zare masa dami ɗaya daga gefe. Washegari aka zare wani. Abdallah ya ce wa uwarsa, "Yumma, inuwar da za ki rataya naman ce fa yake ci." Ta ce ya rufe mata baki. Ta san gaskiyarsa, shi ya sa ta fi jin haushi. Ba a jima ba rumfa ta zama itace huɗu da igiyoyi, rana na zuba a kai.

Ranar wata Juma'a bijimi ya durƙusa ya kasa tashi. Nan babu sauran gardama, in aka ƙara jinkiri mushe za a ja a fitar. Abdallah ya yanka shi a inda yake kwance. Naman ba kitse, jikinsa duk jijiya, ƙuda kuwa sun riga wuƙa isa.

Tayyiba ba ta saduda ba. Ta yanka cinya ɗaya siri-siri ta rataya a cikin ɗaki, ta sa matan gidan suna fifita da faifai har hannuwansu suka mutu. Kafin la'asar ɗin washegari ta shiga, hancinta ya gaya mata. Ita da kanta ta sauke, ba ta bari kowa ya gani ba. Allah ya sa sauran an tafasa shi da gishiri tun jiya, da shawarar Sulafa, wadda Tayyiba ta yi kamar ba ta ji ba.

Ta fito ta ce wa Abdallah ya ɗaura jaki ya kai tafasasshen naman can takiyya, kuma ya gaya wa mai dafawa in ta ƙona mata nama za ta zo da kanta. Ranar unguwa ta sha romo, har tsofaffi na aiko mata da addu'a. Ta ce addu'a ta gode, amma ba a kaɗa miya da ita.

Ɗan abin da ta rage ɗanye ta fere shi fale-fale kamar ganye, ta shanya a kan kwanon rufi cikin rana, irin na kilishin da uwarta ke yi, wanda ita Tayyiba ta daɗe tana cewa aikin mutanen da ne. Ya bushe. Duka-duka bai cika gwangwanin madara ba.

Bayan an share jinin tsakar gida da kwanaki, Sulafa ta ɗaga waya ta ce tulin iskar ya motsa. Da safe Tayyiba ta sauko daga gado ta ji raɗaɗi a diddige. Iska na kaɗa igiyoyin da ke tsakanin itatuwan rumfa, ƙuda sun ɓace, yara na rawar ɗari don babu rumfar da za su fake. Hannunta ya kai kan dutsen wasa wuƙa kafin ta tuna.

Sulafa ta ce da alama wannan sanyin ma zai zauna ya daɗe.

"Ya zauna mana, ina za shi?" in ji Tayyiba. Ta miƙa mata gwangwanin ta ce a ɗebi na miyar yau, da yatsa biyu, ba da hannu ba.