Ranar da Na Kai wa Hajiya Ƙwayoyin Cuta

Cikin ranakun aikina a shagon kifin ado na unguwar Bagdadiyya, akwai wadda har yau ba ta bar kaina ba: ranar da kalma ɗaya ta kusa sa a kore ni daga gidan mutane. Ku yaran shago da kuke tambayar waya komai, ku ajiye ta ku saurara. Karatuna aji huɗu ne a Damagaram, kuma malamin ne ya gaji, ba ni ba.

A watan Sha'aban ne, shekarar da kasuwa ta sake buɗewa bayan korona. Muƙamina shi ne mai kula da tankuna: sama da ni akwai mudir, wato manajan shago, ƙasa da ni akwai kifi. Da hantsi mudir ya kira ni.

"Ya Ilu, yalla, maza unguwar Madain Fahd. Tankin da muka kai makon jiya, kifin yana mutuwa."

Gidan Alhaji Mamman ne, tsohon masunci daga Gigimi a bakin tafkin Chadi, wanda ya zo aikin hajji tun yana saurayi ya zauna. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, magana ma sai da ƙyar. Ɗansa ne ya saya masa tankin gilashi, ya cika shi da kifi a rana ɗaya. Matarsa, Hajiya Zinaru, ta tare ni a ƙofa.

"Malam Ilu, tun da ciwon nan ya same shi bai yarda an zaunar da shi ba, sai da kifin nan suka zo. Akwai wani ja da yake bi da ido, yana kallonsa yana karɓar kunu. Biyu sun mutu jiya. In jan nan ya bi su, wallahi bango zai sake juya wa fuska."

Na shiga na gaida Alhaji, ya amsa da gira. Tanki kuwa tas, ruwa garau kamar na kwalba. Amma kifin duk sun taru a sama suna haki, jan yana cikinsu.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, bari in yi karatu. Kifi ba shi da bayan gida. Inda yake ci, nan yake kashi, nan yake numfashi. Daga kashin nan da ragowar abinci ake samun amoniya. Ba sunan mace ba ne, guba ce mai ƙona masa wurin numfashi, kuma ido ba ya ganinta. A tsohon tanki akwai wasu ƙananan halittu da ke zaune cikin soson matatar ruwa, su ke cinye ta. Ma'aikatan shara ne, ba takardar iƙama, ba kafilin da zai tsaya musu, ba hutun Juma'a. Sabon tanki ba shi da su, sai sun yi makonni suna taruwa.

Na ɗebi ruwa a 'yar kwalba na ɗiga maganin gwaji. In ya yi rawaya, lafiya. Wannan kore ya yi shar.

"Hajiya, sau nawa ake ba su abinci?"

"Duk lokacin da Alhaji zai ci. Ai ba a ci baƙo yana kallo."

"Soson matatar fa?"

Ta gyara mayafi. "Kullum da safe nake wanke shi. Da sabulu, da ruwan zafi."

Wato duk ɗan sharar da ya sauka da dare, da safe Hajiya ta yi masa tarhil, ta kore shi daga ƙasar.

Na fara da abin da ba ya jira. Na zuƙe wajen rabin ruwan da tiyo, har da dattin ƙarƙashin tsakuwa. Na zuba sabo mai ɗumi daidai da na ciki, bayan na sa masa maganin kashe kulorin. Na kwashe rabin kifin a leda don su koma shago su jira, na bar jan. Na ce yau da gobe azumi za su yi, tunda ma Sha'aban ne, bayan haka ɗan kaɗan sau ɗaya a rana. Duk ta yarda.

Sai na fito da babban maganin: tsohon soso daga tankinmu na shago, jiƙe, baƙi-baƙi, yana warin taɓo.

Hajiya ta ce, "Wannan fa?"

Ga inda harshe ya ci amanata. Mudir yana cewa bakteriya, mu kuwa da Hausa suna ɗaya muka ba su, na kirki da na banza. Na gyara murya kamar likita na ce, "Hajiya, ƙwayoyin cuta ne. Su tankin yake buƙata."

Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Ƙwayoyin cuta. A ɗakin mara lafiya. Malam Ilu, likita ya ce ko mai mura kada ya shigo nan, kai kuma ka ɗauko cuta a leda tun daga Bagdadiyya?"

"Ba masu cutarwa ba ne, Hajiya."

"To me ya sa ake ce musu na cuta? Khalas, magana ta ƙare. Fita da shi."

Kuma ba ta yi laifi ba, mijinta take karewa. Na ce cikin matata zai zauna, ba mai taɓa shi, wanda ya sa hannu a ruwan ya wanke da sabulu. Ta buɗe ƙofa ta tsaya. Na tsaya da soso yana ɗiga a hannuna, na san ba tare da shi ba zai yi wuya jan nan ya kai lokacin da tankin zai tara nasa.

Sai muka ji Alhaji yana buga ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya. Hajiya ta sunkuya kusa da bakinsa. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Kin... dirmo."

Hajiya ta miƙe a hankali. Ta dubi soson, ta dube ni.

"Wato iri ne? Kamar cokalin tsohon kindirmo da ake sa wa sabuwar madara ta kama?"

"Shi ne, Hajiya."

"To ka ce iri mana. Da girmanka kana tsorata mutane."

Da hannunta ta riƙe mini murfin matatar. Na nuna mata in soson ya toshe, a ruwan da aka zuƙo daga tankin za ta ɗauraye shi, ban da sabulu. Na riƙa leƙowa ina gwaji ina sauya ruwa kaɗan-kaɗan, koren yana ja da baya. Kafin a ga watan azumi kwalba ta yi rawaya. Ranar na tarar da jan a ƙasa yana tonon tsakuwa, Alhaji zaune a kujera, Hajiya tana ba shi kunu, shi ko kallon cokalin ba ya yi.

Abin da na koya ke nan. A sana'ar nan ba mugunta ke kashe kifi a sabon tanki ba, kirki ne: a ciyar fiye da kima, a wanke fiye da kima. Kuma sanin magani rabin aiki ne, sai ka san sunan da mai gida zai bari ya shiga ɗakinsa da shi. Don haka duk wanda na ji ya ce ƙwayoyin cuta a gidan kwastoma, ni da kaina zan zo tun daga gidana a Khumra in murɗe masa kunne. Ku ce iri.