Usta Yahya da Beben Riyal

Bayan sallar isha'i, a wani dare da iskar kogi ta kwanta, mutanen unguwarmu suka ji wani sauti daga gidan Usta Yahya maƙerin azurfa. Da farko wata ƙara siririya mai dogon wutsiya, kamar an taɓa bakin finjali da cokali. Sai wata ta biyo, gajeriya, taf, kamar mutum ya buɗe baki zai yi magana aka toshe masa. Wasu suka ce aljanu ne ke ciniki. Ba aljanu ba ne. Usta ne yake jefa tsofaffin riyalai biyu, lafiyayye da bebe, a kan baƙin dutsensa, yana neman wanke sunan mamaci.

Duk wanda ya san ƙauyenmu, a hanyar garin Sinja, ya san rumfarsa. Da hantsi zai share ƙasa, ya hura gawayi, ya ɗora jabana, butar gahawa, sannan ya goge dutsen nan da gefen rawaninsa. Mata na kawo masa awarwaro da ya karye da tsofaffin kuɗin da kakanni suka bari a ƙasan akwati. Ba ya narka ko ɗaya sai ya saurare shi. Yakan ce kowane riyal da muryarsa, wani liman ne, wani maroƙi.

Ga abin da ya hana shi barci. Inna Hannatu, matar marigayi Alhasan, tana da wani riyal na gado da mijinta ya ɗora a kan sadakinta. Bikin jikarta Kausar ya matso, ta ɗauko shi don a yi masa kunne amarya ta rataya. A hanya ta tsaya sayen sukari a dukkan, wato kanti, na maƙwabcinta Sa'id, ta nuna masa. Sa'id ya buga shi a kan teburi, bai yi ƙara ba. Ya yi dariya, ya ce ashe Baffa Alhasan da bebe ya yi aure, ta kawo ya kafe shi da ƙusa kusa da 'yan'uwansa. Gama a teburin nan akwai jerin tsofaffin kuɗi da uban Sa'id ya kakkafe tun zamaninsa, duk wanda ya ƙi ƙara, don a san jabu ne a kuma san wanda ya kawo shi.

Da wasa Sa'id ya faɗa, amma kafin la'asar maganar ta kai bakin kogi wurin masu wanki. Aka fara cewa mutumin da ya yi shekaru yana kiran salla da jabu ya biya sadaki. Inna Hannatu ta zo rumfar Usta, ta ajiye riyal ɗin, ba ta ko zauna ba.

"Usta, ba kuɗinai nika tambaya ba. Gaya min ko Malam ya cuce ni."

Kunnen Usta ya riga ya yi nauyi, shi ya sa ya kwana yana bugawa. Ya san ƙarar dalma, ita tun farko a mace take faɗuwa. Wannan kuwa yana fara ƙara sai ta yanke. Da gari ya waye ya fita da shi rana, ya ɗora gilashinsa na duba zobe. Babu ƙurajen nan da ake gani a kuɗin da aka zuba a kasko, babu layin haɗi a gefe. Rubutun a tsaye yake da kaifinsa, sai dai kowane harafi da inuwarsa a gefe, har shekarar ta fito sau biyu. A bakin kuma ga wata tsaga kamar gashi.

Ya kira Inna Hannatu da Sa'id da duk wanda ke kusa. Ya ce azurfa ce, bugun Omdurman na dauri. Mai bugawa ne hannunsa ya goce, ya sake bugu, ƙarfen ya tsage ta ciki, tsagar ta shanye muryar. Kuskuren ma'aikaci ne, ba ha'incin ango ba. Ya ƙara da cewa a birnin Madani akwai masu tara irin waɗannan, kuma a wurinsu mai kuskure ya fi lafiyayye daraja nesa ba kusa ba, muddin ba a goge shi da toka ba, ba a huda shi ba. Saboda haka ya ƙi yi masa kunne. Ya ƙera masa zoben azurfa ya kewaye shi, wuta ba ta taɓa shi ba. Inna Hannatu ta ce ba na sayarwa ba ne. Ranar biki Kausar ta rataya shi a waje, saman tufa, inda kowa zai gani.

Usta Yahya, kai ne mai sauraron abin da ba ya magana. Da ka ga dama ka ce mata jabu ne, ka saye shi a farashin dalma, ka hau mota zuwa Madani, babu mai sani. Ba ka yi ba. Yanzu ka ce kunne ya gaji, za ka rufe rumfa bayan girbin dawa. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi. Masu sana'a na garin nan, ku koyi wannan: kada ku yanke wa abu hukunci da bugu ɗaya, balle mutum.

Ranar nan da Usta ya kira mutane rumfarsa, da taro ya fara watsewa, Sa'id bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon dukkan ɗinsa a tsallaken hanya, sannan ya ce:

"To Usta, waɗanda babana ya kafe a teburi fa? Mutanen da suka kawo su, har suka mutu ana ce musu 'yan jabu."

Usta ya sunkuyar da kai yana goge dutsensa. Ko bai ji ba ne, ko ya ji, Allah kaɗai ya sani.