Maganaɗisun da na manne disket da shi

"Disket ta tara ta ƙi." Karo na uku ke nan ordinatar, wato kwamfuta, na gaya mini haka.

A wani ƙaramin biro, wato ofis, nake aiki a Buza, wajen 1996. Lojisiyel ɗin, wato manhajar da za mu saka, yana kan faifan disket goma sha biyu ne, in guda ta lalace sai a koma Tawa a kwafo sababbi. Malam Idi, shufer ɗinmu mai tuƙa motar biro, sa'an babana, shi ke wannan zirga-zirgar.

Ran nan na hau shi da faɗa gaban mutane, na ce a rana yake barin su.

Sai ya dubi armuwar ɗinmu, wato kabad ɗin ƙarfe, inda na jera disket ɗin, kowace manne da maganaɗisun tsohuwar rediyo. Dabarata ce wai don aiki ya yi sauri, kuma ina taƙama da ita.

"Ɗana, mi ne na wanga baƙin ƙarfe?"

"Baba, wannan ba fanninka ba ne."

"Gaskiya ne. Amma irinsa ya taɓa shafe mini kaset ɗin wa'azi."

Sau uku dattijon nan ya sha hanyar Tawa saboda wautata. Sababbin da ya kawo na bar su cikin kwalinsu, suka shiga lafiya lau. Har ya rasu ban ce masa ya yafe mini ba.

Ku fa, akwai wanda kuka makara ba shi haƙuri?