Maganin Ejvind a Cikin Ruwan Cuku

Shekara arba'in da ɗaya Ejvind Skovgaard ya yi yana kiwon aladu a yammacin garin Lemvig, a gonar da mahaifinsa ya bar masa. Duk ranar Alhamis tanka kan zo daga kamfanin madara da ruwan da aka tsiyaye daga cuku. Da shi yake dama wa dabbobinsa abinci. A wurin tsohonsa ya koyi dabara guda: alade marar lafiya yakan ƙi ruwa mai ɗaci, amma ba ya ƙin ruwan cuku. Don haka a ciki yake zuba magani, kuma bai taɓa ganin aibu ba.

A watan Nuwamba tari ya shiga cikin 'yan aladu ɗari huɗu da ya yaye. Likitar dabbobi, Gudrun Thygesen, ta rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani gari ruwan ɗorawa, ba irin wanda ya saba ba. Takardar buhun ta ce a narka da ruwa zalla. Ejvind bai karanta ba. Tabaraunsa na cikin tarakta.

Kwana biyar yana ba su, suna shanyewa tas. Goma sha tara suka mutu.

Gudrun ta ɗibi jinin wasu ta aika gwaji. Ranar da sakamako ya fito ta same shi a kicin, matarsa Bodil na yanka burodi.

"Baba Ejvind, da me kake dama maganin nan?"

"Da abin da nake damawa da shi tun kina tsotsar yatsa."

"Ruwan cuku ke nan."

"To da me? Da kofi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce sinadarin allin da ke cikin madara yana kama wannan garin ya ƙulle shi, hanji ya kasa tsotsa, ya fita da kashi. Abin da ya kai jini bai cika rubu'i ba.

"Maganin da na saba ai yana ci," in ji shi.

"Na da wani ne, Baba. Haɗinsu ba ɗaya ba."

Bodil ta ajiye wuƙa. "Sau nawa na ce ka rataya tabaraun nan a wuya, sarkin taurin kai?"

Ya ce a sake ba su a ruwa zalla. Gudrun ta girgiza kai. Ta ce waɗanda cutar ta ci ƙarfinsu sun daina zuwa wurin ruwa, masu lafiya ne za su shanye. Saura allura, ɗaya bayan ɗaya, kwana uku a jere. Wasu kuma huhunsu ya riga ya lalace, ko allura ba za ta cece su ba.

Ni maƙwabcinsu ne, na je a rana ta biyu ta allurar. Ejvind na kamawa, Bodil na soka allura, ta shafa shuɗin fenti a baya don kada a maimaita. Kafin tsakar rana sun yi sittin. A bakin ƙofa akwai matattu bakwai a jere, an ɗan rufe su da tamfol, biyar da shuɗi a bayansu.

Na tambaye shi nawa yake ganin za su tsira. Ya ce bai sani ba, Gudrun ma ba ta sani ba.

Alhamis ce. Tanka ta shigo harabar gona, direba ya danna ham. Ejvind ya goge hannu a wando, ya fita ya riƙe masa tiyo.