Shekarar da Idwal Ya Zaga Dutse ta Baya

Ƙanena Idwal mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba, sai dai in kai kare ne. Da karnuka yake hira. Ni na riƙe masa gida tun rasuwar uwarmu, don shi bai yi aure ba, ni kuma wanda na aura bai yi tsawon rai ba. Gonarmu tana can ƙurewar kwari. In ka wuce ƙofarmu gida ɗaya ya rage, na Meurig, daga nan hanya ta ƙare, sai dutse.

Babu shinge a kan dutsen nan, ba a taɓa yi ba. Tumakin kowane gida sun san gefensu. Tunkiya tana nuna wa 'yarta inda ake kiwo da inda ake fakewa in iska ta taso, ita ma ta nuna wa tata. Amma kada wani ya ruɗe ku da wayon tunkiya. Abin da ke tsare namu a gefenmu shi ne na Meurig da suka cika wancan gefen. Nasa ne shingenmu, namu ne shingensa. In aka kwashe garke ɗaya, ɗayan ya watse kamar ruwan da aka fasa wa tulu.

Shi ya sa tun suna samari suka yi alkawari a ƙolin dutsen, wajen wani tulin duwatsu da ke can: duk wanda zai janye tumakinsa, a nan zai faɗa wa ɗan'uwansa, da shekara guda a gaba, don a samu wanda zai karɓi garken ya bar shi a inda yake.

Kowace kaka, bayan an sauko da tumaki ƙasa don a haɗa su da raguna, su biyun sukan zaga dutsen gaba ɗaya neman waɗanda suka maƙale. Tafiyar wuni ce cur, kuma ba ta malalaci ba ce. Daga ƙofarmu ake farawa, a hau gangaren da ke sa mutum ya tuna zunubansa, a kai ƙoli, kowa ya ɗora dutse ɗaya a kan tulin, a gangara baya inda laka ke haɗiye takalmi, sannan da la'asar a biyo dogon doron dutsen da ke saman gidan Meurig, ana kallon tsakar gidansa har a sauka. Matarsa Olwen takan hango su ta ɗora shayi. Haka suke yi tun gashinsu baƙi har ya koma kamar na tumakin.

Meurig kuwa baki gare shi. Shi ne mai jan waƙa a coci, shi ne mai ba da dariya a wajen askin gashin tumaki. Ni ban taɓa yarda da mutumin da kowa ke so ba, amma wa ya tambaye ni?

A shekarar da nake ba ku labari, ya iso ƙofarmu da sassafe yana ɗingishi.

"Ina tsohon kurman?" in ji shi. "Tegwen, har yanzu kina ba shi abinci? Asara kike yi."

"Wanda nake ba ka dai shi ne asara," na ce. "Me ya sami ƙafar?"

"Gwiwa ce. Idwal, mutumina, bana mu juya mana. Mu fara ta saman gidana, hawan ya fi sauƙi, mu sauko ta nan."

Idwal ya tsaya da igiyar takalmi a hannu. "Ta baya?"

"Dutsen zai yi fushi ne? Ko ka manta hanya in an juya ka?"

"Saukowa ta nan ta fi cin gwiwa," na ce.

"Ji likita! Kawo burodin kawai, Tegwen."

Na ba su burodi da cuku da filas na shayi. Suka tafi, karnuka a gaba. Na lura ɗingishin ya ragu tun kafin su sha kwana, amma na ce a raina tsufa ne, in jiki ya yi zafi yakan saki.

Rana ta take tsaka ina shanya, sai na ji ƙasa tana rawa. Manyan motocin ɗaukar dabbobi, ɗaya na bin ɗaya, suna goge shingen hanya, suka wuce ƙofarmu zuwa gidan Meurig. Na yar da kwandon na bi su da takalmin gida.

Na tarar da ɗansa Gethin, wanda ke aiki a birni, tsaye a bakin garke yana kaɗa tumaki cikin mota. Ba 'yan raguna ba, ba tsofaffi ba. Iyayen garke, duka.

"Gethin, me nake gani?"

"Inna Tegwen, ina wuni."

"Riƙe gaisuwarka. Ina za su?"

"Kasuwa. An sayar da gidan. Masu saye ba kiwo za su yi ba, masauki za su mai da shi na masu yawon dutse."

"Idwal ya sani?"

Ya kalli takalminsa. Olwen tana bayan labulen taga, ina ganin yatsunta. Na ɗaga murya yadda za ta ji: "Yau ba a ɗora shayi ba ke nan, Olwen?" Labulen ya faɗi.

A nan na gane gwiwar. Da sun bi hanyar kullum, da la'asar suna saman gidan, Idwal yana kallon komai, kuma da ya gangaro ya tsaya a bakin motar. Yanzu kuwa suna can bayan dutse cikin laka, inda ko tsawa ba a ji.

Abin da ya faru a sama, a gutsure na samo shi daga bakin Idwal cikin hunturun nan. Sun kai ƙoli, kowa ya ɗora dutsensa. Suka zauna a bayan tulin suka raba burodina. A daidai wurin alkawarin. Idwal ya ce yana tunanin sayen sabon rago baɗi, ko za su haɗa su saya tare? Meurig ya ce, "Me zai hana? Amma ni zan zaɓa, kai ko a raguna ba ka da ido." Har suka samo tunkiya guda ta Meurig a wani rami ta karye, Idwal ya saɓo ta a kafaɗa, saboda gwiwar abokinsa.

Da ita a wuyansa ya sauko, rana na faɗuwa. Ina tsaye a ƙofa.

"Meurig," na ce, "za ka faɗa masa, ko ni in faɗa?"

Ba a buƙaci kowa ba. Idwal ya tsaya cak, ya karkata kai. A irin wannan lokaci kukan tumakin Meurig kan cika kwarin, sabbin saukowa, suna neman dutse. Shiru. Ya dubi sawun taya a cikin taɓo, ya dubi ulun da ya maƙale a shinge.

"Idwal, ka saurare ni," in ji Meurig. "Yaron ne ya matsa. Da na faɗa maka, da ka kalle ni, da na kasa."

Idwal ya sauke tunkiyar a hankali, ya ajiye ta a gaban ƙafafun Meurig.

"Ga ragowar," ya ce. Ya shige gida.

Da bazara aka mayar da namu sama. Ba su yi mako ba suka gane babu kowa a wancan gefen. Suka bazu. Ana kiranmu daga kwarin da ban taɓa takawa ba, a ce ga tunkiya da tsagar kunnenku. Tattarawar da a da mutum biyu da karnuka ke yi a wuni, ta koma Idwal shi kaɗai yana yawo kwana da kwanaki. 'Yan da aka haifa a can ba su san gefenmu ba, ba su da abin da za su nuna wa nasu. Ya jure shekaru kaɗan. Ranar da tasa motar ta zo kwashe namu tumakin, shi ya buɗe mata ƙofa da hannunsa, da rana tsaka, bayan ya bi kowane gida a kwarin ya faɗa.

Meurig yana gari yanzu, a wani ɗan gida mai ciyawa kamar tabarma. Ya aiko Olwen da kek sau biyu. Na ba kaji.

Masu masaukin sun kafa alamu a kan dutsen, kibiya bayan kibiya, daga ƙofarsu. Wato duk baƙon da ya zo, da sandunansa biyu da jaka kamar zai yi hijira, hanyar Meurig yake bi. Ta baya ta zama ta gaba.

Idwal har yau yana zagawa kowace kaka, ba tunkiya ko ɗaya a sama. Daga ƙofarmu yake farawa, ya hau gangaren, ya yi ta karo da su fuska da fuska. Bara wata yarinya mai jar riga ta tare shi, da kirkinta, ta ce, "Baba, ka juya hanya, ta can ake bi."

Na ce, "Me ka ce mata?"

"Na ce na taɓa bi ta can."

"Shi ke nan?"

Ya ci gaba da kwance takalminsa. Na tambaye shi ko har yanzu yana ɗora dutse a kan tulin. Ya ce yana ɗorawa. Guda ɗaya.