Ƙarfen da Aka Sa wa Inna Asibi

Inna Asibi ce ta yanke cibiyar kusan duk wanda aka haifa a tungarmu tun kafin ruwan dam ya ci tsohon gari, har da ni mai ba da wannan labari. Tungar tana gabashin tafkin Kainji, tafiyar hantsi ce a ƙasa zuwa Wara. A lokacin duk ƙasar Yauri tana cikin Jihar Sakkwato.

Bakambara ce, gajera, mai faɗin ƙirji. Matan Kambari ba a ka suke ɗaukar kaya ba, a kafaɗa suke ɗorawa cikin masaki. Tun tana yarinya take ɗaukar itace da dawa da ruwa, kullum a kafaɗa ɗaya, har jikinta ya karkace ya zauna a haka. Mijinta Ɗanbaba manomi ne marar yawan magana. Ta haihu da yawa, biyu suka tsaya: Yohanna, wanda ya yi makarantar mishan ya shiga soja, da autarta Barakatu.

Ciwon ya fara mata a kwatangwalon dama. Da farko sai da sanyin safiya yake riƙe ta, in rana ta ɗaga ya sake ta. Daga baya ya daina saki. Wanzami ya kafa mata ƙaho, an yi sakiya, ta sha saiwoyi har harshenta ya yi baƙi. Akwai wani mai allura da ke yawo a keke ranar kasuwa, shi ma ya yi nasa. In ta motsa ƙafar, wanda ke kusa yakan ji ƙashin yana gurzar ɗan'uwansa kamar ana niƙa tsakuwa. Ta bar zuwa gona, ta bar zuwa kasuwa. Karɓar haihuwa ce kawai ba ta bari ba. In naƙuda ta kama mace, sai a zo da jaki a ɗora ta, tana cije haɓar zaninta har a isa.

Shekarar da soja suka karɓe mulki daga farar hula, Yohanna ya zo hutu daga Kaduna da igiyar saje a hannun rigarsa. Ya tarar da uwarsa a tsakar gida ta dogara da taɓarya, tana jan ƙafa zuwa murhu. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu yana kallonta.

"Inna, tun yaushe kike haka?"

"Tsuhwa ne, Soja," in ji ta. Ba ta kiran sunansa, da Soja take kiransa.

"Wanga ba tsuhwa ba ne. Tare za mu koma."

Ta ce ba ta zuwa ko'ina. Ɗanbaba ne ya raba gardamar, da ya ce, "Ki tahi. Kukan da kike yi cikin barci ke ba ki jin shi, ni nake ji."

A wani babban asibiti a Kaduna aka ɗauki hoton ƙugunta. Likitan Ba'indiye ne, wata nas tana yi musu tafinta. Ya ɗaga hoton a hasken taga ya nuna mata inda kan ƙashin cinyarta ya cinye ya zama kamar guntun rogo. Ya ce magani ba zai mayar da shi ba. Abin da za a yi, a yanke wannan kan, a sa na ƙarfe a madadinsa.

Inna Asibi ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta tambayi nas ɗin, "In na mutu, da shi za a rufe ni?"

Aka ce mata da shi. Ta ce to.

Ƙarfen daga waje ake kawo shi, sai da suka yi watanni suna jira. Ɗanbaba ya sayar da shanun huɗarsa, Yohanna ya sayar da babur ɗinsa. Ta zauna a ɗakin Yohanna a bariki, ita da matarsa da 'ya'yansa, ba ta san kowa ba. Da aka yi aikin kuwa, ya yi kyau. Ta farka da ɗinki tun daga ƙugu har tsakiyar cinya, da matashi a tsakanin ƙafafunta. Zafin yanka daban, amma wancan tsohon ciwon mai ci kamar gara, ta lalube shi ta rasa. Ta gaya wa Yohanna a hankali, kamar tana tsoron kada ciwon ya ji ya dawo.

Masu gashin ƙashi suka koya mata tafiya da sanduna biyu, daga baya ɗaya. Ranar sallama likitan ya zaunar da ita ya kafa mata dokoki. Kada ta tsuguna. Kada ta durƙusa. Kada ta zauna a tabarma ko a 'yar gajeriyar kujera ta mata, kada ta harɗe ƙafa. In ta yi, ƙarfen zai iya gocewa daga gurbinsa.

"Har yaushe?" ta tambaya.

Nas ɗin ta ce, "Har iyakar rai, Inna."

Ta yi dariya, tana tsammanin wasa ne. Ba wanda ya taya ta.

Ranar da ta dawo, mota ta sauke ta ita da Yohanna a Wara, ta ƙi hawa jaki. Da ƙafarta ta shigo tunga, da sanda ɗaya, tana hutawa a gindin itatuwa. Mata suka fito suna guɗa. Wannan rani shi ne mafi daɗi da ta yi cikin shekaru masu yawa. Ta je kasuwa, ta je bakin ruwa ta ga masunta, ta yi ƙiba.

Kafin Yohanna ya koma, ya sa kafinta a Wara ya yi mata doguwar kujera mai hannu, da gado mai tsawo, da wata kujerar mai rami a tsakiya don bayan gida. Nan wahalar ta ɓullo. A tungarmu komai a ƙasa ake yin sa. Murhu a ƙasa, dutsen niƙa a ƙasa, cin tuwo a ƙasa, gaisuwa a durƙushe. Inna Asibi ta koma tana zaune a sama ita kaɗai, tana kallon ƙeyar mutane. Ɗanbaba yakan shimfiɗa buzunsa ya ci tuwo, matarsa na bisa kujera kamar alƙali. A hankali ya mai da cin abincinsa zaure. Da aka yi rasuwa a dangin mijin, ta je gaisuwa ta tsaya a tsaye a kan dattawa, aka yi ta maganar har bayan kwana arba'in.

Da damina ta faɗi sai wata magana ta fito, wai ƙarfen da ke jikinta yana jan aradu. Ba a san wanda ya fara faɗa ba. In hadari ya haɗo, sai ka ji uwaye suna kiran 'ya'yansu su fito daga gidan Ɗanbaba. Maganar ta kai kunnenta. Da kanta take korar yaran in ta ga gari ya yi baƙi.

Haihuwa ma ta fita daga hannunta. Mace a durƙushe take haihuwa, ungozoma kuma dole ta sauka ƙasa tare da ita. Sau biyu aka kai ta da kujerarta, ta zauna tana faɗa wa wata matashiya mai suna Dudu abin da za ta yi. Daga nan aka daina aikowa, aka koma kiran Dudu ita kaɗai.

A damina ta biyu Barakatu ta zo gida goyon ciki. Tana auren wani masunci, Zaidu, a wata tunga ta bakin ruwa, kuma wannan ne cikinta na fari. Naƙuda ta tashi ranar kasuwar Wara, bayan mata sun tafi kasuwa, maza suna gona. Aka kira Dudu. Inna Asibi ta sa aka shigar mata da kujera ɗakin, ta zauna a gefe.

Har rana ta take babu labari. Can Dudu ta ɗago, fuskarta ta canja.

"Inna, ƙahwa ce ta hito."

"Ɗaya ko biyu?"

"Biyu."

"To kada ki ja. Bari shi zo da kanshi."

Jikin ya fito har kafaɗa, kai ya tsaya. Barakatu ta daina nishi, idanunta suka fara juyewa, jini yana bin tabarma. Inna Asibi tana faɗin inda za a sa yatsa da yadda za a karkata jikin, amma Dudu ta kasa gane komai. Ta fashe da kuka ta ce ita ba ta taɓa ganin irin wannan ba.

Inna Asibi ta jingine sandarta a bango, ta dafa hannun kujera, ta sauka ƙasa a kan gwiwoyinta. Dudu ta ce ta ji ƙarar gocewar ƙarfen da kunnenta, kamar an ɓalle marfin tukunya. Tsohuwar ta yi wani gurnani, goshinta ya taɓa ƙasa. Sannan ta ɗago ta ce, "Riƙe mini ƙugu, kada in faɗi."

A haka ta yi aikin, Dudu na tallafe da ita ta baya. Ta fito da kan, ta fito da mabiyiya, ta danne marar Barakatu da tafin hannu har jinin ya tsaya. Jaririyar mace ce. Ta hura mata iska a baki, ta murza bayanta, ta yayyafa mata ruwa. Jaririyar ba ta yi kuka ba. Tsohuwar ta daɗe tana yi kafin ta naɗe ta a zani ta miƙa wa Dudu.

Da maza suka dawo daga gona suka tarar da ita kwance a gefen 'yarta, ƙafar dama ta gajarce ta juya ciki. Ko taɓa ta aka yi sai ta sume. Ɗanbaba ya rufe jikarsa a bayan gida, ya dawo ya tsaya yana kallon matarsa.

Ruwa ya yanke hanyar mota. Aka kira maɗori, ya shafa wurin ya ce shi ƙashi ya sani, bai san ƙarfe ba. Sai da Zaidu ya samo jirgi mai inji, aka ɗauke ta a kan ƙyauren ɗaki aka bi tafki da ita zuwa Yelwa, ruwan sama na dukansu. A asibitin can aka yi mata allurar rage zafi, aka faɗa musu gaskiya cewa sai an mai da ita inda aka yi aikin. Aka ba wani direban motar kifi saƙo zuwa bariki. Kafin saƙon ya isa, kafin Yohanna ya sami izini ya zo, makonni sun wuce.

Da suka isa Kaduna, likitan nan Ba'indiye ya riga ya koma ƙasarsu. Wanda suka tarar ya ce an daɗe, naman ya riga ya ɗaure, sai an sake buɗewa. Aka buɗe aka mayar da ƙarfen. Wannan karon ɗinkin bai kame ba. Ya kumbura, ya fara zubar da mugunya, zazzaɓi ya riƙa kayar da ita. Matan da ke gadajen kusa suka roƙa a matsar da su saboda wari. A ƙarshe likitan ya kira Yohanna ya ce in ana son ranta, sai a cire ƙarfen gaba ɗaya, kuma ba za a iya sa wani ba.

Yohanna ya shigo ya zauna a bakin gadon. Tun zuwanta bai yi mata maganar ba, sai ran nan.

"Inna, an gaya miki. A gabana aka gaya miki."

"An gaya mini."

"Baba ya koma noma da hauya. Ni da ƙasa nake zuwa aiki. Kuma ɗiyar ba ta rayu ba."

Ta juyo ta dube shi. Ta rame har idanunta sun faɗa.

"Ɗiyar tun ina bisa kujera na san ta tahi," in ji ta. "Ƙanwarka na sauka ɗauka."

Ya sunkuyar da kai. Can ya tashi ya fita, ya je ya sa hannu a takardar aikin.

Bayan girbi aka dawo da ita. Ƙafar ta gajarce da kusan tafin hannu, tana lilo, ba ta ɗaukar nauyi. Da sanduna biyu takan kai bakin ƙofa, amma yawanci da gindi take ja a tsakar gida. Ramin da ke ƙugunta bai taɓa rufewa duka ba. Barakatu ce ke wanke shi da ruwan gishiri, don Zaidu ya bar ta ta zauna gida har shekara ta zagayo. Da ta sake samun ciki, tsohuwar ta sa aka kai ta Yelwa tun watan bai kama ba, can ta haifi namiji.

Ɗanbaba ya riga Inna Asibi rasuwa. Ita kuma ta rasu da damina, a shekarar da amai da gudawa ya ratsa tungayen bakin ruwa, ana saura kaɗan a yanke mu daga Sakkwato. Mutane da yawa sun mutu a makon, waɗanda suka raka ta ba su da yawa. Yohanna yana Laberiya wurin yaƙi a lokacin. Sai da rani ya yi nisa wani sojan ƙasar Zuru da ya koma daga hutu ya kai masa labari.